Yaya Anand ya zama giranmasta a ƙasar da ba ta taɓa samun ko ɗaya ba?

Baƙon Allo:

Assalamu alaikum, masana wasan ces (chess, darar Turawa). Ana yawan cewa Viswanathan Anand ne ɗan Indiya na farko da ya zama giranmasta, muƙami mafi girma a wasan, a 1988, daga baya kuma ya riƙe kambun duniya sau biyar. Tambayata kashi biyu ce. Me ake cikawa takamaimai kafin FIDE, hukumar ces ta duniya, ta ba mutum wannan muƙami, ko kuwa cin gasa ɗaya ya isa? Sannan me ya sa mutumin da aka san gwanintarsa tun yana saurayi ya sha kashi a hannun Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a 1995, bai riƙe kambun da kowa ya amince da shi ba sai 2007? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, da lissafinsa.

Tsohon Alƙalin Gasa:

Wa alaikumus salam, Malam Baƙo. Bari in ɗauki kashi na farko, in bar wa masana tarihin ɗayan.

FIDE ta fara ba da muƙamin a 1950, ga mutum 27. In an ba ka, naka ne har mutuwa, sai dai in an kama ka da maguɗi. A ƙa'idar yau sharuɗɗa biyu ne, kuma dole a haɗa su duka.

Na farko, makinka na Elo, wato lambar da ake auna ƙarfin ɗan wasa da ita, ya taɓa kai 2500. Ba sai ka zauna a wurin ba, ko a tsakiyar gasa ka taɓa shi an ƙirga.

Na biyu shi ne abin da ake kira nom, wato shaidar cewa a wata gasa ka yi wasa irin na mai maki 2600. Ana son nom-nom da jimillar wasanninsu ta kai 27, kuma gasa ba ta kasa wasa 9, shi ya sa ake cewa nom uku. A nan mutane suka fi ruɗewa, domin tara maki kawai ba ya wadatarwa, ana duba waɗanda ka kara da su. A wasa 9, aƙalla uku su kasance giranmastoci. Aƙalla rabin abokan karawar su zama masu wani muƙami na FIDE. A samu 'yan ƙasashe biyu ban da taka, kuma 'yan ƙasarku kada su wuce kashi uku cikin biyar. Matsakaicin makinsu kada ya gaza 2380.

Ga lissafin abin da za ka ci cikin wasa 9, inda nasara maki 1 ce, canjaras rabi. In matsakaicin abokan karawa 2380 ne, sai ka ci 7. In ya kai 2434, 6 da rabi. In 2475 ne, 6. In 2520 ne, 5 da rabi. In 2557 ne, 5 ta isa. Ka ga ke nan gasar da ta fi ƙarfi ta fi rangwame a lissafi, ko da yake kowane rabin maki a can da gumi ake samunsa.

Inda abin yake ɓaci, galibi a gasar buɗe-ga-kowa ne, wadda kwamfuta ke haɗa masu maki ɗaya a kowane zagaye. Ɗan wasa ya yi tuntuɓe a zagaye na biyu, sai a riƙa haɗa shi da raunana. Ya cinye su duka, ya gama da 7, amma giranmasta biyu kawai ya gani, ko matsakaicin ya tsaya a 2360. Nom ta tafi. An yi sassauci ɗaya tak: abokin karawa mafi ƙarancin maki, in bai kai 2200 ba, a ɗaga shi zuwa 2200 wajen lissafi. Mutum ɗaya kawai, ba biyu ba.

Shi ya sa masu neman nom suke son gasar gayyata ta mutum 10, kowa ya kara da kowa, an riga an zuba giranmasta uku a ciki, ka san makin da kake nema tun kafin ka zauna. Irin ta Budapest a Hangari da ake farawa Asabar ɗin farko ta wata, can Abhimanyu Mishra ya yi ta buga irin waɗannan gasanni har ya kammala a 2021 yana da shekara 12 da wata 4 da kwana 25. Amma irin wannan gasa ta sha zargin ana sayar da canjaras, don haka daga 2022 FIDE ta ce dole nom ɗaya ta fito daga gasar buɗe-ga-kowa mai aƙalla 'yan wasa 40.

Sai maganar 2500 ɗin, wadda ita ce take cin shekarun mutane. Da zarar ka taɓa 2400, lambar da ake ninka bambancin abin da ka ci da abin da aka sa ran ka ci da ita, don a samu canjin makinka, ta sauko zuwa 10. Ɗauki mai 2450 ya kara da mai 2250. Lissafin Elo yana sa ran zai ci kashi 76 cikin ɗari. In ya yi nasara ya samu maki 2.4. In canjaras ne ya rasa 2.6. In aka cinye shi ya rasa 7.6. Faɗuwa ɗaya tana share nasara uku. To wanda yake zaune a ƙasar da duk sun gaza shi, ko kullum yana ɗaukar kofi, makinsa rarrafe yake yi.

Akwai gajeriyar hanya: wasu gasanni suna ba da muƙamin kai tsaye, kamar zakaran matasa na duniya 'yan ƙasa da 20, da zakaran nahiya. A zamanin Anand ƙa'idar ba haka take daidai ba. Ya ci ta matasan a 1987 a Baguio ta Filifin, amma sai da ya je ya cika nom ɗinsa a gasannin Indiya.

Mai Doki Biyu:

Ranka ya daɗe Alƙali, ka share mana hanya. Malam Baƙo, ga kashi na biyu.

An haifi Anand ranar 11 ga Disamba 1969 a jihar Tamil Nadu, ya tashi a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai. Mahaifiyarsa ce ta koya masa wasan yana ɗan shekara 6. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kai su Manila wajen 1978, shekarar da aka yi karawar Karpov da Korchnoi a Filifin, ƙasar tana cikin zazzaɓin ces har da shiri a talabijin. Da suka koma gida sai kulob ɗin Tal da ke cibiyar al'adun Tarayyar Sobiyet a Madras. A can wasan minti biyar ake yi, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya koma layi. Saurin da aka san shi da shi daga nan ya samo asali. Yana ɗan shekara 15 ya zama masta na ƙasa da ƙasa, muƙamin da ke ƙasa da giranmasta.

Saurin nan ya isa ya ci gasa. A Reggio Emilia ta Italiya, ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992, ya zo na ɗaya a gaban Kasparov da Karpov. Amma karawar mutum biyu ta neman kambu wata sana'a ce daban. A gasa kullum sabon mutum kake gani. A karawa mutum ɗaya ne, da ayarin mataimakansa a ɗaki, suna kwana suna tonon duk abin da ka buga jiya.

Dubi 1995 da kyau. An yi ta a New York, a hawa na 107 na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, an tsara wasa 20. Takwas na farko duk canjaras. Anand ya ci na 9. A na 10 ya koma ga buɗin, wato jerin motsin fara wasa, da ya riga ya yi amfani da shi a wasa na 6, wani reshe na buɗin Sifaniya. Ashe Kasparov da mutanensa sun yi masa aiki a gida: sabon motsi a taku na 14, sannan ya ba da hasumiya sadaka don ya buɗe sarkin Anand. Kasparov yana ajiye kaya cikin daƙiƙoƙi, Anand yana ƙona agogo a kan abin da wancan ya riga ya haddace. A na 11 Kasparov ya fito da reshen Diragon na kariyar Sisiliya, abin da ba a san shi da shi ba, Anand ya yi kuskure a matsayin da bai kamata a faɗi ba. Na 13 kuma Diragon, ya faɗi cikin taku 25. Na 14 ya samu matsayi mai kyau ya sake rasawa. Wasa huɗu cikin biyar. An tashi 10 da rabi da 7 da rabi bayan wasa 18.

A ganina kuskuren ba na basira ba ne. Ya maimaita reshe mai kaifi a gaban mutumin da ya fi kowa shiri a duniya, kuma da ƙasa ta zame masa ba shi da wani buɗi mai sanyi da zai fake a ciki ya yi canjaras biyu zuciya ta kwanta.

Na 1998 kuwa tsarin ne ya cuce shi. Ya shafe watan Disamba 1997 yana gasar sili-ɗaya-ƙwale a Groningen ta Holan, ya ci, kwanaki kaɗan aka kai shi Lausanne ya tarar da Karpov, mai riƙe da kambun FIDE, yana zaune a huce yana jiransa. Duk da haka 3 da 3 suka yi, sai a wasan sauri na raba gardama Karpov ya ci biyu. A 2000 ya ɗauki kambun FIDE, ya doke Shirov 3 da rabi da rabi a Teheran, sai dai a lokacin kambun ya rabu gida biyu, Kramnik yana riƙe da wanda ya ƙwace a hannun Kasparov. An haɗe su a 2006, Anand ya ci gasar mutum takwas ta birnin Meziko a 2007 da maki 9 cikin 14, ba a cinye shi ko sau ɗaya ba.

Wanda ya kamata a yi nazari shi ne Bonn ta Jamus, Oktoba 2008, da Kramnik. Duk rayuwarsa Anand da sojan gaban sarki yake buɗewa, ya tura shi gidan e4 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa). Kramnik kuwa ya gina katanga a kan wannan buɗi, kariyar Balin da ta Petrof, da Balin ɗin ya hana Kasparov cin ko wasa ɗaya a 2000. Sai Anand ya zauna da mataimaka huɗu, Nielsen da Kasimdzhanov da Wojtaszek da Ganguly, suka gina masa d4, wato buɗewa da sojan gaban sarauniya, tun daga tushe. Watannin da Kramnik ya yi yana shirin e4 suka tashi a banza. Da baƙaƙen kaya kuma ya ja shi cikin reshen Meran, ya bar sarkinsa a tsakiyar allo, ya ba da soja, ya kawo sabon motsi a taku na 14, bishop, mai tafiya a karkace, zuwa b7. Kramnik mai son wasa a natse ya samu kansa cikin rikicin da sai lissafi tsantsa. Anand ya ci na 3 da na 5 da baƙi, ya ci na 6 da fari, aka tashi 6 da rabi da 4 da rabi. Abin da aka yi masa a New York shi ya yi wa wani bayan shekara 13.

Sauran karawar kare kambun a taƙaice. Topalov a Sofiya, 2010: tokar dutse mai aman wuta na Aisilan ta tsayar da jirage, ya yi tafiyar kusan awa 40 a mota daga Frankfurt, ya faɗi wasan farko saboda ya rikita jerin motsin da ya haddace, ya ci na ƙarshe da baƙi, 6 da rabi da 5 da rabi. Gelfand a Mosko, 2012, sai da aka je raba gardama. Carlsen ya karɓe kambun a Chennai a 2013.

Hajiyar Lissafi:

Malam Mai Doki, ban yarda da kai gaba ɗaya ba a kan cewa shiri ne kawai. Shiri ya ba shi Bonn, amma ba rashin shiri ya kayar da shi a 2013 ba. Carlsen, wanda Anand ya girme shi da kusan shekara 21, da gangan yake kauce wa rassan da aka haddace, ya kai wasa matsayin da kowa zai ce canjaras ne, sannan ya ci gaba da matsawa awa biyar, awa shida. Wasa na 5 da na 6 duka a ƙarshen wasa na hasumiyoyi Anand ya zame, bayan dogon zama. Mai shekara 43 ba ya lissafi a awa ta shida kamar yadda yake yi a ta biyu. Ko a Sochi 2014, wasa na 6, Carlsen ya yi babban kuskure a taku na 26 da ya kai sarkinsa d2. Doki ya ci sojan e5 kawai ake nema. Anand ya tura sojan gefe cikin sauri, bai duba ba, ya kuma faɗi wasan. Saurin da ya ɗaukaka shi, ranar ya ci shi. A yaba masa dai, bayan an gama yi masa jana'iza a jaridu ya je Khanty-Mansiysk ya ci gasar fitar da wanda zai ƙalubalanci zakaran duniya ta 2014 ba tare da faɗuwa ba, kuma a 2017 ya ɗauki kambun duniya na wasan sauri a Riyad yana da shekara 48.

Tun da mai tambaya yana son abin da yake ɓaci, ga wasan da kowane mai koyo ya kamata ya jera a allo. Biel ta Suwizalan, 1988, shekarar da ya zama giranmasta. Alonso Zapata na Kolombiya da fari, Anand da baƙi.

Fari e4, baƙi e5. Dokin fari zuwa f3, dokin baƙi zuwa f6. Fari ya ci e5 da doki, baƙi ya kore shi da d6. Doki ya koma f3, baƙi ya ci e4 da nasa dokin. Fari ya fito da ɗaya dokin zuwa c3. Daidai a nan shi ne baƙi ya ci dokin c3 a yi musaya. Anand ya kai bishop f5 don ya tsare dokinsa. Zapata ya ɗora sarauniya a e2, Anand ya miƙa hannu. Taku shida.

Me ya sa? Dokin e4 yana tsakanin sarauniyar fari da sarkin baƙi, ba shi da ikon motsi. In baƙi ya ƙara masa tsaro da d5, fari ya tura soja d3, doki ya tafi a banza. In ya sa sarauniya a e7 don ta shiga tsakani, dokin fari ya faɗa d5 ya kore ta. Ta koma baya, ɗaurin ya dawo, d3 ta zo. Ta tsaya a e6, doki ya ci c7 ya kama sarki da sarauniya lokaci guda.

Kuma ba ƙirƙira ya yi ba. Ya ga motsin a wani wasan Miles da Christiansen na 1987 da aka buga a kundin wasanni, an tashi canjaras, sai ya ɗauka lafiyayye ne. Bai san waɗancan sun riga sun shirya canjaras ɗinsu ba, shi ya sa Miles ya ƙi hukunta kuskuren. Yau injin kwamfuta zai nuna wannan cikin ƙiftawar ido, amma cutar tana nan: yara suna haddace taku 20 daga allon waya, ka tambaye su dalilin taku na 12 su yi shiru.

Baƙon Allo:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, na jera shi na gani. To in haka ne, ɗan Afirka ta ina zai bi? Na ji an ce Najeriya ba ta da giranmasta.

Tsohon Alƙalin Gasa:

Haka ne, Malam, har ƙarshen 2024 babu, sai mastocin ƙasa da ƙasa. Koma kan sharuɗɗan da na lissafa za ka ga dalili. Nom tana son giranmasta uku a gabanka da 'yan ƙasashen waje. Ƙasar da ba ta da ko ɗaya, ko dai ta ɗauko su ta biya kuɗin jirgi da masauki da ladan zuwa, ko ɗan wasan ya tafi inda suke. Gasa ɗaya kwana tara ce ko goma, wasa ɗaya yakan kai awa huɗu zuwa biyar a agogon da aka saba, minti 90 na taku 40 na farko, ƙarin minti 30, da daƙiƙa 30 kan kowane taku. Kuma ba a samun nom a kowace fita, akan buga gasa da yawa kafin ɗaya ta faɗo. Ga biza, ga canjin kuɗi.

Giranmastocin nahiyar galibi a arewa suke, inda Turai take tsallaken ruwa. Slim Bouaziz na Tunisiya ne ya fara a 1993, ga Hichem Hamdouchi na Maroko. A Masar Ahmed Adly ya ci gasar matasa ta duniya a 2007, Bassem Amin kuma, wanda likita ne, shi ne ɗan Afirka na farko da ya haye 2700. A kudu da Sahara, Amon Simutowe na Zambiya ya cika nom ta uku a Arnhem ta Holan a 2007, amma muƙamin bai tabbata ba sai 2009, yana farautar 'yan makin da suka rage zuwa 2500. Lissafin nan na 2.4 da 7.6 ke nan a aikace. Kenny Solomon na Afirka ta Kudu ta gajeriyar hanya ya bi, ya ci gasar nahiya a Windhoek a Disamba 2014. Ƙofar tana buɗe har yanzu, sai dai Misirawan nan biyu sun sha ɗauke kofin, sai ka wuce ta kansu.

Shi kansa Anand bai zauna a Madras ya kai ƙololuwa ba. Ya koma Sifaniya da zama, wani ƙaramin gari kusa da Madrid, shekaru masu yawa, don ya kasance kusa da Linares da Wijk aan Zee da Dortmund inda manyan gasanni suke, yana kuma buga wa kulob ɗin Baden-Baden a gasar Jamus. Wannan ita ce hanyar cin abincin yawancin masu muƙamin: wasan kulob, koyarwa, zama mataimakin wani babba. Cikin kusan 2,000 da suke da shi, kaɗan ne ƙwarai kuɗin gasa kaɗai yake riƙe su.

Abin da ya canja a Indiya shi ne yanzu giranmastocinta sun haura 80, don haka yaron Chennai yana samun masu horar da shi da waɗanda zai gwada ƙarfi da su a cikin garinsu, kuma ana shirya gasannin nom a gida. Gukesh, wanda ya zama giranmasta yana ɗan shekara 12, daga baya ya bi ta makarantar da Anand ya buɗe a 2020, ya ɗauki kambun duniya da ya doke Ding Liren a Singafo a Disamba 2024 da 7 da rabi da 6 da rabi, yana da 18.

Mai Doki Biyu:

Ƙarin bayani kaɗan ga Malam Baƙo, tun da allon yana gabanka. Nemi wasa na 8 na karawar Anand da Gelfand a 2012. Gelfand ya ci na 7, washegari ya zura sarauniyarsa ta ci hasumiyar h1, yana zaton ya yi riba. Anand ya ajiye tasa sarauniyar a f2, ta Gelfand ta rasa hanyar fita daga lungu. Taku 17 aka tashi. Jera shi, ka rufe motsin ƙarshe da hannu, ka ga ko za ka gano shi da kanka.